Ɓeraye Tara Masu Lalle

Duk mai sammakon bin hanyar da ta fita daga Talata Mafara ta nufi gonakin shinkafa ya san keken nan mai kwando a gaba. Mai shi dogo ne siriri, ba ya sauri, ba ya kuma tsayawa hira, sai dai ya ɗaga hannu ya wuce. Malam Gidaɗo ke nan, mutumin Kaya ta ƙasar Maradun, wanda kowa a wurin aikinsa ke kira Baba. Shekara ashirin da shida yana buɗe ƙofar wani ɗan ɗakin bincike da ke bayan gari. In ka tambayi maƙwabtansa aikin da yake yi, dariya za su fara yi kafin su ba ka amsa. Kiwon ɓera da sauro! Abin da kowane gida ke neman yadda zai kashe, shi ne wannan bawan Allah ke dokar sammako ya je ya ciyar.

Da ya shiga, sai ya sauya takalmi, ya sa farar riga, ya nufi ɗakin ɓeraye. Ba ya taɓa komai tukuna. Tsayawa yake a bakin ƙofa ya kasa kunne, don ya ce garke lafiyayye da motsinsa ake gane shi. Daga nan ya bi kejin ɗaya bayan ɗaya, ya sauya dusar katako, ya cika ruwa, ya ɗaga kowane ɓera ya duba ido da gashi. Sannan ya wuce ɗakin sauro mai sanyi, ya jiƙa auduga da ruwan sukari ya ɗora a kan ragar kejinsu, ya duba farantan da tsutsotsinsu ke iyo a ciki. Ɗan makiyaya ne, kuma kafin ya zo nan ya yi shekara goma sha biyu yana yawon yi wa shanu allura a rugage tsakanin Maradun da Bakura. Garken ne kawai ya sauya, makiyayin yana nan yadda yake.

Yana da wata ɗabi'a da 'yan ɗakin ke tsokanarsa a kanta. A aljihunsa akwai 'yar kwalba ta kwaɓaɓɓen lalle da yake samu wajen matarsa, Inna Taibatu. Jefi-jefi sai ka ga farin ɓera da jan ɗigo a bayan kunne. "Baba ya yi wa amaryarsa ƙunshi," in ji su. Shi ko sai ya yi murmushi. Ba wanda ya taɓa zama ya tambaye shi ma'anar ɗigon nan, shi ma bai taɓa faɗa ba.

Bari in yi wa mai karatu bayanin aikin a taƙaice, don kada ya ɓace. Kafin a kai maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro jikin ɗan'adam, sai an gwada shi a jikin ɓera. A yi wa wasu ɓeraye rigakafin, a bar wasu haka nan, sannan a sa wa dukkansu ƙwayar cutar, irin wadda ke kama ɓera kaɗai, a zuba ido a ga wa zai kwanta. Hanyar da aka saba a ɗakin nan ita ce a tsamo ƙwayoyin daga jikin sauro, a ƙidaya su, a zuba a sirinji, a ɗura su kai tsaye cikin jijiyar wutsiya. Jijiyar nan kuwa siririn zare ya fi ta kauri. Masu digiri sun sha yin gumi a kanta su haƙura. Baba Gidaɗo shi ke samunta a karon farko, yau da gobe, har baƙin da ke zuwa koyon aiki suka riƙa zagaye shi suna kallo. Farfesa Mas'udu, shugaban wurin, da bakinsa ya sha cewa in dai Gidaɗo ne ya riƙe allura to shi ba ya sake duba sakamako.

Kai ne mai hannun da ba a bincike, Baba. Da wannan sunan aka san ka, kuma ba ka da wani abin taƙama da ya wuce shi, don ba takarda gare ka ba, ba kujera ba.

To, a shekarar da ta gabaci ajiye aikinsa, hannun nan ya fara gardama. Da fari ɗan kaɗawa ne a babban yatsa, sai ya ce gajiya ce. Inna Taibatu ce ta fara gani, ranar da ludayin koko ya zube masa a riga.

"Malam, wanga hannu hwa?"

"Ba komi. Sanyin ɗakin sauro ne."

"Wane irin sanyi? Ka tahi asibiti dai."

Ya je. Aka ba shi magani, aka ce abin na tsufa ne, za a iya rage shi amma ba zai tafi ba. Ya dawo ya koyi dabaru: ya dafa gwiwar hannu a kan tebur, ya riƙe numfashi, ya soka. Sau da yawa ya dace. In hannun ya matsa, sai ya tura shi aljihu har ya lafa. Wata takwas suka rage masa, ya ce a ransa zai lallaɓa ya ƙarasa da mutuncinsa.

Ana cikin haka aka zo gwajin Dakta Surayya. 'Yar Birnin Tudu ce ta ƙasar Bakura, mace mai kafiya, wadda ta kwashe shekara huɗu a kan wani sabon haɗin rigakafi. Ɓera arba'in aka ware, ashirin da rigakafi, ashirin babu. Ƙa'idar aikin ita ce mai allura bai san wane ne wane ba. Lamba kawai yake gani, takardar da ta rarrabe su tana kulle a durowar Dakta. Ranar allurar an yi zafi, ga mutane sun tsaya a kansa, hannun kuma ya ƙi. In allura ta shiga jijiya, ruwan sulalewa yake ba tare da turjiya ba. In ta kauce, sai ka ji tauri, ɗan farin ƙululu ya taso a fatar wutsiya, wanda babban yatsa kan iya rufewa ba wanda ya lura. Sau tara Baba ya ji taurin nan a ranar. Da kowa ya watse, ya zaro kwalbarsa ya bi su tara ɗin ya ɗiga musu lalle. Ma'anar ɗigon ke nan tun fil azal: dabbar da ransa bai kwanta da aikin da ya yi mata ba. Haka mahaifinsa ke shafa wa saniya toka a ƙaho in yana son ya sa mata ido. A da, sai a yi wata shida bai ɗiga wa ko ɗaya ba.

Kowace safiya a ɗebi ɗigon jini a bakin wutsiya, a shafa a gilashi, Dakta ta duba a madubin hangen ƙwayoyin cuta. Kwana na biyar aka fara ganin cuta. Zuwa kwana na goma sha huɗu magana ta ƙare: marasa rigakafi duka ashirin sun kamu, masu rigakafi kuma goma sha huɗu sun kamu, shida kacal suka tsira. Farfesa ya dubi takardar ya ture ta gefe. Ya ce shida cikin ashirin ba abin da za a kai gaban kowa ba ne. Ranar Alhamis zai rubuta wa masu ɗaukar nauyin binciken cewa haɗin ya gaza, a rufe babinsa. Wannan ranar Litinin ce.

Dakta Surayya ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ba irinta ba ce. Amma Baba ya ga yadda ta zauna tana kallon bango, shayinta ya huce ba ta taɓa ba. Ya wuce ɗakin ɓeraye don ya ba ta wuri. An riga an ware lafiyayyun shida a keji guda. Ya ɗaga na farko, ga lalle. Na biyu, lalle. Ya bi sauran ya duba: biyar cikin shida masu lalle ne.

Innalillahi! Tunanin farko da ya zo masa mummuna ne: ashe ma ba rigakafin ya tsare su ba, shi ne bai kai cutar inda ya kamata ba. Wato sakamakon ya fi yadda ake zato lalacewa, kuma laifinsa ne. Ya jingina da bango. Can sai makiyayin da ke cikinsa ya ce, tara ka shafa wa, ina huɗun? Ya bi kejin marasa lafiya ya same su, duk huɗun a takure, gashi a tashe, cuta ta kama su sarai. To, in kaucewar allura ce ke hana ciwo, me ya sa waɗannan suka kwanta? Amsa ɗaya ce ke iya warware wannan, kuma tana cikin durowar Dakta. Ba kuwa yadda za a yi ya nemi a buɗe durowar nan ba tare da ya faɗi abin da lallen ke nufi ba.

Kwana biyu ya yi da maganar a ciki. Ya san abin da zai biyo baya. Za a karɓe allura daga hannunsa, wannan ba makawa. Za a kuma koma baya a fara tambaya: tun yaushe? Gwaji nawa ya ɓata? Shekara ashirin da shida za su koma abin zargi saboda rana ɗaya. In ko ya yi shiru, ranar Alhamis za a rufe babin, a kawar da ɓerayen, lallen ya tafi tare da su, shi kuma a yi masa walimar bankwana da yabo. Ba wanda zai sani har abada. Talata ya wuni ba ya iya haɗa ido da Dakta. Da la'asar a gida ya kasa cin tuwo, Inna Taibatu ta tsare shi sai da ya faɗa mata.

Da ya gama ta ce, "Yarinyar nan Baba take ce maka, ko?"

"Awo."

"To, ni ban da abin cewa."

Laraba da hantsi ya ƙwanƙwasa ofishin Dakta Surayya. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mutanen Birnin Tudu, ya tambayi gajiya, ya sake tambayar gida, har ta ɗago ta dube shi.

"Baba, lahiya dai?"

Ya zaro hannun dama daga aljihu ya shimfiɗa a kan teburinta, ya bar shi yana kaɗawa. Ta kalli hannun, ta kalli fuskarsa.

"Ɗiyata, na cuce ki. Tara daga cikin ɓerayenki allurata ba ta shiga jijiya ba, a fata ta tsaya. Su ne masu lalle. Biyar na cikin waɗanda sunka tsira. Huɗu sun kamu. Ga lambobin huɗun. Don Allah buɗe takardarki ki duba min, na wane ɓangare ne?"

Ba zan ɓoye ba, ranta ya ɓaci ƙwarai. Shekara huɗu ba wasa ba ne. Ta buɗe durowa da ƙarfi, ta bi lambobin da yatsa. Ta farko, babu rigakafi. Ta biyu, babu. Ta uku, babu. A ta huɗu yatsan nata ya tsaya.

"Dukkansu marasa rigakafi ne, Baba."

Abin da takardar ke faɗa ke nan: cutar da aka ajiye a fata tana kama ɓera, tunda ga huɗu ta kayar. Amma duk ɓeran da ke da rigakafi, aka kuma ajiye masa cutar a fata, ya tsira. Biyar cikin biyar.

Suka tafi wajen Farfesa Mas'udu tare. Kai, ranar an ji murya! Farfesa mutum ne mai tsare ƙa'ida, kuma abin ya yi masa ciwo ninki biyu, don shi ya fi kowa yarda da hannun nan.

"Malam Gidaɗo, mako biyu kana kallonmu muna auna sakamakon banza? Wata nawa kana ɓoye min wannan?"

"Wata biyar, ranka ya daɗe. Ba ni da hujja. Tsoro ne."

"Kuma yanzu kuna so in dakatar da rahoto a kan ɓera tara da aka yi wa allurar kuskure? Ba mu san ƙwaya nawa ta shiga ba. Dalilin da ya sa muke bin jijiya ke nan, don mu san abin da muka ba kowane ɗaya."

Gaskiyarsa ce, Dakta ma ba ta musa ba. Baba ne ya yi magana, kansa a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ni ban yi karatu ba. Amma shekara ashirin da shida ina kallon sauro na cin abinci. Ban taɓa ganin wanda ya ɗura abu cikin jijiya kamar yadda nike yi ba. Lalube yake cikin fata, ya tofa yawunsa nan, ya sha ya tashi. Yaran Kaya da ke suma da damina, ba allura aka yi musu ba."

Dakta ta karɓa daga nan. Ta ce abin da masana suka daɗe da lura da shi ne: ƙwayar da sauro ya ajiye takan ɗauki lokaci tana rarrafe cikin fata kafin ta sami hanyar jini ta wuce hanta. Rigakafi irin nata, mai sa jiki ya ƙera abin da zai damƙe ƙwayar, a wannan ɗan tsakanin ya fi samun damar aiki. Allurar jijiya kuwa tsallake fatar take yi, cikin 'yan mintoci ƙwaya ta isa hanta. Mun sa mai gadi a ƙofa, in ji ta, mun kuma shigo da ɓarawo ta taga. Ta roƙi a ba ta gwaji ɗaya, da cizon sauro na gaskiya.

Farfesa ya yi ta juya biro a hannu. Daga ƙarshe ya ce ya ba su mako shida, ba ƙari. Sannan ya miƙa hannu. Baba ya gane. Ya zaro makullin akwatin allurai daga wuyansa ya ajiye masa a tafi.

Wani da an yi masa haka sai ya yi zuciya, ya riƙa zuwa aiki don a ga ya zo. Kai ba ka yi ba, Baba. Kai ne ka koma ɗakin sauro ka tare, don gwajin cizo yana buƙatar ɗaruruwan sauro masu ɗauke da cuta, kuma sai sun yi kusan mako uku cikin sanyi kafin ƙwayar ta nuna a jikinsu. A kwana na goma sha biyu, da tsakar rana, a watan Afrilu na Mafara, injin wutar ɗakin ya tsaya cak. Mai gyara ya ce sai yamma. Zafin sa'a uku ya isa ya kashe komai, kuma ba sauran lokacin sake farawa. Waɗanda suka ga abin sun ba ni labari: dattijo ɗan shekara sittin yana gudu da keke zuwa bakin kasuwa, ya dawo a bayan a-kori-kura da randuna shida da tarin buhunan algarara. Ya jera kejin a tsakanin randunan, ya lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna, ya tsaya yana yayyafa ruwa yana fifita da faifai har la'asar sakaliya. Dakta na riƙe da ma'aunin zafi tana karanto masa lamba. Sauro kaɗan ne suka mutu.

Ranar cizo aka sa wa sababbin ɓeraye arba'in maganin barci, aka kwantar da kowanne a kan ragar kofi mai sauro biyar. Nan ma idon Baba aka dogara da shi, shi ke ɗaga kofi ya ce wannan ya sha, wannan bai sha ba, a ƙaro ɗaya. Sai jira. Kwana goma sha huɗu na ɗigon jini da madubi. Baba ba ya shiga ɗakin madubin, a bakin ƙofa yake tsayawa da tsintsiya a hannu kamar mai shara, yana karantar bayan Dakta. Kwana na biyar, shiru. Na shida, uku sun kamu, ba a kuma san na wane ɓangare ba ne, don wannan karon takardar tana hannun Farfesa. Na takwas, goma sha tara. Na goma, ashirin da uku. Lambar nan ta tsaya masa a rai, don ta haura ashirin, wato ko ta yaya wasu masu rigakafi sun faɗi. In ta ci gaba da hawa, ya zubar da sunansa a banza. Na goma sha ɗaya, ashirin da huɗu. Inna Taibatu ta ce a makon nan ko gishirin miya bai sani ba.

Daga nan lambar ba ta sake motsi ba. A kwana na goma sha huɗu Farfesa ya fito da takardarsa a gaban kowa, ya karanta a tsaye. Marasa rigakafi, ashirin cikin ashirin sun kamu. Masu rigakafi, huɗu sun kamu, goma sha shida lafiya lau. Dakta Surayya ta zauna a ƙasa, a kan siminti, ta rufe fuska da mayafi. Baba ya ce alhamdu lillahi sau ɗaya, ya tafi ya sauya wa ɓeraye ruwa.

Kada mai karatu ya ɗauka an gama da zazzaɓi. Ɓera ba mutum ba ne, kuma tsakanin kejin nan da hannun yaro a asibiti akwai shekaru da gwaje-gwaje da yawa, haɗin na iya faɗuwa a gaba. Abin da ya tabbata shi ne ba a binne shi da ransa ba. A ɗakin nan kuma, yanzu ba a yanke wa rigakafi hukunci da hanya ɗaya. Sai an gwada ta jijiya, an gwada ta cizo. A takardar aikinsu an ƙara layi inda mai allura zai rubuta in ta kauce. Su da kansu suke kiransa layin lalle.

Makulli dai ba a mayar masa ba, kuma ya ce daidai ne. An binciki tsofaffin gwaje-gwajensa na wata biyar, ya zauna ya amsa kowace tambaya, aka sake guda biyu. Ya ji ciwon wannan, ba sai an faɗa ba.

Makon jiya aka yi masa walimar ajiye aiki a harabar ɗakin, ƙarƙashin bishiyar dalbejiya. Farfesa Mas'udu ya tashi ya ce a da yana yabon Gidaɗo don hannunsa ba ya kuskure, ashe bai san mutumin ba tukuna. Daga nan ya koma ya zauna.

Baba Gidaɗo, mun gode. Makiyayin ƙananan dabbobi, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiya, Ya sa ka ga ranar da damina za ta wuce Kaya ba a ɗauki yaro ko ɗaya a kafaɗa ba. Ku kuma masu riƙe da allura, da alli, da sitiyari, da ma'auni, kowa ya san inda hannunsa ya taɓa kaucewa ya rufe da babban yatsa. Ku nemi kwalbar lallenku, kuma in ranar faɗa ta zo ku faɗa.

Da aka zo rabon shayi a wajen walimar, Dakta Surayya ce ta kawo masa nasa da kanta. Ta ɗan tsaya, tana neman inda za ta ajiye masa a gefe don kada a gani. Ya ce, "Kawo nan, ɗiyata." Ya fito da hannun dama a gaban jama'a ya karɓa. Kofin ya yi ta ƙara a kan faranti, shayi ya zuba masa a sabuwar riga, shi kuwa ya ci gaba da gaisawa da mutane yana sha.